Bakin Yaro Abin Bincike Ne: Aikin Da 'Yan Sakandaren Magariya Da Dungas Za Su Iya Yi Da Littafi Da Alƙalami

A kasuwannin ƙasar Magariya da Dungas, idan mata biyu da suka daɗe ba su haɗu ba suka gaisa, bayan an tambayi gida da ciniki sai a juya ga na goye: "Ya fara tafiya? Baki ya buɗe kuwa?" Idan amsar ta zama a'a, akan ce a yi haƙuri, nauyin baki ne, haka ubansa ya yi. Sau da yawa maganar takan zama gaskiya, yaro ya zo ya buɗe baki har ya ishi mutane da surutu. Amma akwai yaron da shirunsa alama ce ta cewa kunnensa ya samu matsala, kuma ba a ganewa sai ranar da aka kai shi makarantar allo ko ta boko, bayan shekarun da suka fi muhimmanci wajen koyon magana sun riga sun wuce.

Yadda yaro ke koyon magana wani fanni ne na ilimi mai zaman kansa, wanda manyan jami'o'in duniya ke kashe maƙudan kuɗi a kansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, an faro wannan fanni ne da kayan aikin da ke cikin jakar kowane ɗan makaranta, wato littafin rubutu da alƙalami. Saboda haka babu abin da zai hana ɗaliban sakandare, 'yan koleji da 'yan lise kamar yadda ake kiransu a Nijar, su sa hannu a cikinsa. A Ingila an daɗe da sa shi cikin manhaja, inda ɗaliban shekaru biyun ƙarshe na sakandare da suka zaɓi darasin harshen Ingilishi ke karanta yadda yara ke fara magana, kuma a jarrabawa akan ba su rubutacciyar hirar yaro da uwarsa su yi mata nazari. Ɗalibin Magariya ya fi na Ingila samun abin nazari, domin da wuya ya koma gida bai tarar da ƙani ko ƙanwa ko ɗan yayarsa yana gwaranci a tsakar gida ba.

Inda aka faro

A shekarar 1877 masanin kimiyya na Ingila, Charles Darwin, ya buga wani ɗan taƙaitaccen bayani da ya tsamo daga abin da ya riƙa rubutawa game da ɗansa tun yana jariri: ranar da ya fara murmushi, ranar da ya gane sunan mai rainonsa, da sautin da ya ƙirƙiro don neman abinci. A Jamus, wasu miji da mata, William da Clara Stern, sun shafe shekaru suna rubuta maganganun 'ya'yansu uku, suka fitar da littafi a kai a 1907. Shi kuwa Werner Leopold a Amurka, ya bi diddigin 'yarsa da ta tashi da harsuna biyu, Jamusanci da Ingilishi, ya buga abin da ya tara cikin littattafai huɗu tsakanin 1939 da 1949. Dukansu babu wanda ya yi amfani da wata na'ura mai tsada. Sun saurara, sun rubuta abin da yaro ya faɗa kamar yadda ya faɗe shi, sun sa kwanan wata.

Daga irin waɗannan rubuce-rubuce da binciken da ya biyo baya aka gane cewa yara a ko'ina cikin duniya kusan hanya ɗaya suke bi. Jariri yana jin sauti tun yana cikin uwarsa a watannin ƙarshe, kuma wani gwaji da aka yi a Amurka a 1980 ya nuna cewa jaririn da bai wuce kwana uku ba yana fifita muryar uwarsa a kan ta wata mace. Daga wata shida zuwa goma yakan fara maimaita gaɓoɓi irin su "ba-ba-ba" da "da-da-da". Wajen shekara guda kalmar farko takan fito. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yakan fara haɗa kalmomi biyu, kamar "Inna zo" ko "ba ruwa". Akwai masu sauri, akwai masu jinkiri, amma jerin matakan ba ya cika sauyawa.

Wani abin mamaki kuma shi ne abin da Janet Werker da Richard Tees suka gano a Kanada a 1984. Jariran gidajen da ake Ingilishi, suna da wata shida zuwa takwas, suna iya bambance wasu sautukan harshen Hindi na Indiya da iyayensu ba sa iya bambancewa. Kafin su cika shekara guda wannan baiwa ta ragu ƙwarai, kunne ya tsaya a kan sautukan harshen gida. Wannan ya nuna mana dalilin da ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da "kafa" da "ƙafa", ko "daka" da "ɗaka", ko kuma kukan da yaro ke yi da kukar miya, alhali ɗan goye yana tsintar bambancin yana bayan uwarsa a bakin rumfa.

Hausa ba ta samu rabonta ba

A 2022 wasu masana biyu, Evan Kidd da Rowena Garcia, sun duba abin da manyan mujallu huɗu na wannan fanni suka buga cikin shekaru 45. Sun tarar cewa daga cikin harsunan duniya kimanin 7,000, harsuna 103 ne kacal aka yi rubutu a kansu, kuma Ingilishi da 'yan uwansa na Turai su suka kwashe kaso mafi tsoka. Ma'ana, akasarin abin da ake faɗa game da "yaro" an samo shi ne daga yaran Turawa. Harsunan Afirka kaɗan ne suka shiga lissafi, duk da cewa a nan ne ake haihuwar yara da yawa.

Wannan giɓi ya shafi Nijar kai tsaye. Tun 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a makarantar firamare a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To amma mai rubuta littafin aji ɗaya yana bukatar sanin kalmomin da yaro ɗan shekara shida ke zuwa makaranta da su, da irin jimlar da yake iya fahimta. Wannan sani ba a ofis yake ba, yana cikin gidaje. A ƙidayar 2012 gundumar Magariya tana da mutane sama da 570,000, ta Dungas kuma, wadda aka ware a 2011, sama da 350,000, kuma kusan rabin al'ummar Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Babu jami'ar da ke da ma'aikatan da za su shiga waɗannan gidaje, amma 'yan sakandare a cikinsu suke kwana.

Wa ke yi wa jariri magana?

A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka fitar da sakamakon bincikensu a kan iyalai 42 a jihar Kansas ta Amurka, waɗanda suka riƙa ziyarta wata-wata suna ɗaukar maganar gida na awa guda. Sun yi ƙiyasin cewa kafin shiga makaranta ɗan masu hali ya ji kalmomi kimanin miliyan 30 fiye da ɗan talaka. Maganar ta yi tashe ƙwarai, sai dai wasu masana sun ƙalubalance ta a 2018, inda suka nuna cewa idan aka ƙirga maganar kakanni da yayye da sauran mutanen gida, hoton yakan sauya. A wannan shekarar kuma wani bincike a birnin Boston a kan yara 36 ya nuna cewa abin da ya fi alaƙa da ƙwarewar yaro shi ne musayar magana, wato ya faɗa a amsa masa, a faɗa ya amsa, fiye da yawan kalmomin da aka zuba masa.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Senegal ya zo. A wasu ƙauyukan Wolof mutane kan ƙi yin hira da jariri, wasu don kada a ce sun zare, wasu don tsoron iskoki. Ƙungiyar Tostan ta shiga ƙauyukan da shirin wayar da kan iyaye tare da limamai da shugabannin al'umma. Masu binciken da suka bi iyaye da masu raino 443 daga 2013 sun tarar cewa bayan shekara guda, waɗanda ke ƙauyukan shirin sun kusa ninka maganar da suke yi wa yaro a lokacin wasa, kuma yaransu sun fi na sauran ƙauyuka yawan furuci da sanin kalmomi. A ɗaya ɓangaren kuma, binciken da aka buga a 2020 a kan al'ummar Tseltal ta kudancin Mekziko ya nuna cewa yaransu ba a cika yi musu magana kai tsaye ba, amma suna kai matakan magana a kan lokaci, domin suna cikin hirar jama'a daga safe har dare.

To mu a ina muke? A ƙasar Hausa akwai kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, wata ma ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Akwai kuma al'adar kai yaro wurin kaka lokacin yaye. Idan uwa tana tuya ko tana auna hatsi, 'yar raino ko yaya ce ke ɗauke da shi. Shin ɗan fari yana jinkirin magana fiye da na tsakiya, ko kaka da gwaggo suna cike gurbin? Shin yaron da ke wuni a kasuwa ya fi na cikin gida saurin baki? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma ɗan gida ne ya fi kowa damar samo amsarsu, tunda baƙo da ya shigo da takarda kowa zai gyara zama.

Ayyuka huɗu da ba sa bukatar kuɗi

Na farko shi ne littafin kalmomin ƙani. Ɗalibi zai zaɓi yaro guda mai shekara ɗaya zuwa biyu, ya riƙa rubuta duk sabuwar kalmar da ya ji daga bakinsa, da kwanan wata, da abin da ke faruwa a lokacin. Sharaɗin shi ne a rubuta yadda yaron ya faɗa, kada a gyara masa. Idan ya ce "uwa" yana nufin ruwa, haka za a rubuta, a sa ma'anar a gefe. Kada kuma a mayar da Hausar Damagaram ta koma ta Kano. Bayan wata uku aji guda zai iya haɗa littattafansa ya ga kalmomin da suka fi saurin fitowa, da sautukan da suka fi ba yara wuya.

Na biyu shi ne ƙirga musayar magana. Ɗalibi zai zauna gefe na minti goma, sau uku a rana, ya ja layi duk lokacin da wani ya yi wa yaro magana, ya rubuta ko wane ne, ya kuma sa alama idan an amsa wa yaro gwarancinsa. Wannan lissafi ne irin na mai shago, kuma malamin lissafi zai samu abin koyar da matsakaici da kaso cikin ɗari da alƙaluman da ɗalibai suka tara da hannunsu.

Na uku shi ne tambayar iyaye mata. A ƙasashe da dama ana amfani da jerin kalmomi da ake ba uwa ta nuna waɗanda ɗanta ke ganewa da waɗanda yake faɗa. A gaɓar tekun Kenya, Katie Alcock da abokan aikinta sun tsara irin wannan jeri da harsunan Swahili da Giriyama, kuma da yake iyaye da yawa ba sa karatu, sai aka riƙa karanta musu ana rubuta amsa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa abin da uwa ta faɗa game da ɗanta abin dogaro ne. Ɗaliban Magariya za su iya tsara nasu jerin da kalmomin gida irin su fura, nono, akuya, ƙwarya, kuɗi da babur.

Na huɗu shi ne gwajin jam'i. A 1958 Jean Berko ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta sa mata sunan ƙarya "wug", ta nuna wa yara guda biyu ta ce su faɗi sunansu. Yaran suka sa wa kalmar alamar jam'in Ingilishi duk da ba su taɓa jin ta ba, abin da ya tabbatar da cewa yaro yana gano ƙa'idar harshe da kansa, ba kwaikwayo kaɗai yake yi ba. Hausa ta fi Ingilishi hanyoyin jam'i nesa ba kusa ba: gida gidaje, kare karnuka, akuya awaki, mota motoci. Idan ɗalibi ya zana wata dabba ya ce sunanta "zunta", ɗan shekara huɗu zai ce "zuntoci" ne ko "zuntuna"? Ɗan shekara bakwai fa? Aji guda zai iya gwada yara hamsin cikin mako ɗaya.

A yankin da Hausawa da Fulani da Barebari ke cuɗanya, ga Faransanci a makaranta, ga kuma masu zirga-zirga zuwa kasuwar Maigatari a jihar Jigawa, ɗalibai za su haɗu da yara masu harshe biyu. Ya kamata iyaye su kwantar da hankalinsu, domin bincike bai nuna cewa harshe biyu na hana yaro magana ba. Idan za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan biyu.

Zazzaɓi, sanƙarau da kunne

A nan ne aikin ya wuce na makaranta ya zama na ceton yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki da asibitin Magariya a 2005 saboda yawan yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma a daminar 2018 yaran da ke kwance a sashen yara sun haura 700 a lokaci guda. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an samu mutane 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu daga gundumar Dungas suke. Hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka warke daga sanƙarau mai tsanani yakan fita da wata nakasa, kuma rashin ji na daga cikin waɗanda suka fi yawa. Binciken da aka yi a Kilifi ta Kenya kuma ya nuna cewa wasu yaran da zazzaɓi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da samun matsalar magana shekaru bayan sun warke.

Idan aka sallami yaro daga asibiti, murna kan sa a manta da sa ido. Littafin yaya zai iya nuna abin da ido bai gani ba. Alamomin da ya kamata su sa a koma wurin likita su ne: yaro ba ya waigawa idan an kira shi ko an buga ƙwarya a bayansa, ya kai shekara guda ba ya gwaranci, ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, kunne yana zubar da ruwa ko mugunya, ko kuma kalmomin da ya iya sun ɓace bayan rashin lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sharuɗɗa

Dole malamai su kafa ƙa'ida tun farko. Ba a rubuta komai game da yaro sai da izinin iyayensa. Ba a sa sunan yaro ko na gidansu a takardar da za ta fita daga aji. Ba a ɗaukar bidiyon yaro mai in'ina ko tsamin baki a watsa a WhatsApp ko TikTok don dariya. Ɗalibi ba likita ba ne, ba shi da ikon cewa ɗan wani kurma ne, iyakarsa ya nuna wa uwa abin da ya rubuta. Kuma aikin na maza da mata ne baki ɗaya, kada ya zama hujjar ƙara wa 'ya'ya mata nauyin raino har su rasa lokacin karatu. Tunanin cewa babban yaro zai iya taimakon ƙarami ba sabo ba ne. Likitan yara David Morley, wanda ya yi aiki a Imesi-Ile a ƙasar Yarbawa, shi da Hugh Hawes sun ƙaddamar da shirin "yaro zuwa yaro" a 1979 a kan wannan tushe, kuma manufarsa ita ce yaro ya ƙaru da ilimi, ba a mayar da shi ɗan aiki ba.

Ribar mai kasuwa

Mai ciniki zai tambaya, mece ce ribar? A birnin Kingston na Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen wasu daga cikin yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, awa guda kowane mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekaru ashirin, rahoton da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin ɗari. Sai dai wa'azi kaɗai ba ya wadatarwa. Binciken da masanan Bankin Duniya suka buga a 2022 a kan shirin tallafin kuɗi na gwamnatin Nijar ya tarar cewa tarukan wayar da kai sun gyara yadda iyaye ke kula da yara, amma ba a ga sauyi a gwajin basirar yaran ba. Hira tana bukatar abinci mai gina jiki da gidan sauro da rigakafi a gefenta.

Waya kuma ba ta maye gurbin mutum. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jariran Amurka 'yan wata tara da harshen Sin. Waɗanda mutum ya zauna ya yi musu hira sau 12 sun kama sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyon wannan hira kuwa ba su kama ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin. Mace mai sayar da kayan miya tana da abin da ya fi waya: ta riƙa gaya wa na goye sunan tattasai da albasa da daddawa, ta ƙirga canji da ƙarfi, in ya yi gwaranci ta amsa masa kamar ta gane.

Abin da ya rage ga 'yan kasuwa shi ne su kai maganar gaban ƙungiyar iyayen yara da shugabannin makarantu, su sayi littafi guda na musamman su ba ɗansu ko 'yarsu ta sakandare, su kuma ba da amsa cikin haƙuri idan ɗan maƙwabta ya zo da jerin kalmomi. Idan makarantu suka adana littattafan, malaman Jami'ar André Salifou ta Damagaram da masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su samu abin da za su gina bincike a kai, kuma ɗalibin da ya koyi saurare da rubuta abin da ya ji ba ƙari ba ragi ya samu horon da zai amfane shi ko malamin asibiti ya zama, ko malamin makaranta, ko mai riƙe littafin shago.